Ranar da Aka Janye Mini Tsani a Dei-Dei

Kwanakin baya wasu samari suka shigo shagona a Garki, fes-fes da su, kowa da jakar goyo, wai suna so su shiga sana'ar ɗaura dish da haɗa intanet. Na ce madalla, wa ya koya muku? Suka ce sun kalla a waya. Babban cikinsu har da ƙarin bayani: “Baba, ai ba wani abu ba ne, noti huɗu ne da waya guda.” Na ce gaskiyarka, haka ma tuƙin jirgin sama, kujera ce da sitiyari. To tunda sauƙi gare ta, ku gyara zama ku ji irin sauƙin da na kwasa.

Sunana Hamisu. Daga Zariya na zo Abuja a farkon dawowar mulkin farar hula, lokacin da gidaje ke tsirowa kamar ciyawar damina, kowa ka gani yana sauri da takardar kwangila a hammata. A hannun Oga Bitrus na koyi aiki, wani mutumin Filato, gajere, marar yawan magana, mai shagon kwantena a Garki. Watannin farko ko sifana bai bari na taɓa ba. Aikina ɗaukar tsani, kwaɓa siminti da naɗe waya. In na naɗe ta karkace, sai ya warware ta a ƙasa ya tafi shan shayi. Kayan aikinmu duka jaka ɗaya ce: sifana, filaya, guduma, ƙusoshin kankare, baƙin salatif, da wani tsohon kamfas da yake ririta shi kamar jariri.

Ku yanzu kuna da mita mai ƙara, tana yi muku kuka in kun dace da tauraron ɗan'adam. Mu mitarmu maƙogwaro ce. Ni ina kan rufi ina juya dish a hankali, Oga Bitrus yana falo gaban talabijin yana ihu: “Ya zo! Ya tafi! Koma baya! Kai, ba wannan bayan ba!” In gidan babba ne, muryarsa ba ta isowa, sai a jera mutane. Shi ya gaya wa kuku, kuku ya gaya wa direba, direba ya gaya wa mai gadi, mai gadi ya ɗaga kai ya gaya mini. Kafin “ya zo” ta iso kan rufi, ni na riga na wuce shi na nufi wata ƙasar.

Aikin da ya fara buɗe mini ido a Maitama ne, gidan wani babban mutum da bai daɗe da samun muƙami ba. Ya sayo dish irin manyan nan na raga, wanda in ka kifa shi garken awaki zai samu rumfa. Oga Bitrus ya zagaya gidan da kamfas ɗinsa, ya ce can baya za a kafa, kusa da ɗakin janareta, domin bishiyar mangwaron maƙwabci ta tare ta gaba. Mai gidan ya dube shi sama da ƙasa.

“A baya? Wa zai gan shi a can?”

“Ranka ya daɗe, ai sama zai kalla, ba titi ba.”

“To ni titi nake so ya kalle shi.”

Oga Bitrus bai ja ba. Muka haƙa rami a bakin get, muka zuba kankare, muka kafa ƙaton nan, har muka ja masa waya ta shige cikin furanni ta ƙare a nan. Sannan mai gidan ya ba da izini aka sayo ƙarami, muka maƙala shi a baya, shi ne mai kawo hoto. Titi ya samu abin kallo, yara suka samu nasu. A hanyar komawa Oga Bitrus ya ce mini, “Hamisu, kafin ka buɗe jaka, ka fara gano me kwastoma yake saya. Ba kowa ne hoto ya dame shi ba.”

Da wayar hannu ta shigo aka ce ci gaba ya zo. Ya zo kam, kuma a kaina ya sauka. A da, in hadari ya taso hoto ya yayyanke, sai mai gida ya turo direba shago, kafin direba ya iso ruwa ya ɗauke, hoto ya dawo, kowa ya huta. Da waya ta zo, ɗigon farko bai gama taɓa kwano ba za ka ji ta tana ruri. Ranar da abu ke aiki sunana Injiniya. Ranar da ya tsaya kuwa, “Kai mai dish, me ka ɗaura mini haka?” Sai ka ce ni na haɗo hadarin.

Akwai wani ma'aikacin gwamnati a rukunin gidajen Garki da ba na mantawa. Ya biya kuɗin kallo na wata guda, washegari taransifomar unguwarsu ta ƙone. Aka yi ta zaman duhu, aka yi ta karo-karo, ranar da wuta ta dawo ya zauna ya ɗauki rimot, sai ga rubutu a allo cewa watansa ya ƙare. A ƙasar nan albashi na makara, jirgi na makara, damina ma takan makara, amma watan kamfanin kallo bai taɓa makara ba. Ya kira ni, na je, muka kira kamfani tare. Wata murya mai zaƙi ta ce kiranmu na da muhimmanci ƙwarai, sannan aka sakar mana kiɗa. Muka sha kiɗa har katin wayarsa ya ƙare, muka ɗora da nawa. Da mutum ya ɗauka daga ƙarshe, shawarar da ya ba mu ita ce mu kashe mu kunna. Duk cutar duniya maganinta ke nan a wurinsu. Na tabbata in ka ce musu gidan ya kama da wuta, za su tambaye ka ko ka gwada kashewa ka kunna.

Ƙarin kuɗi kuwa ta saƙon waya yake zuwa, da gaisuwa mai daɗi a farkonsa. Jama'a su yi ta surutu, manya su kira zama, a buga tebur, a ce ba za a lamunta ba. Sai dai in kana son kallon zaman da ake yi kan sabon farashi, sai ka fara biyan sabon farashin.

Cikin wannan hali wani sabon kamfani ya ɓullo. Ba zan kama sunansa ba, mu dai a tsakaninmu Sabon Ango muke ce masa. Lokacin na riga na buɗe nawa shagon. Aka tara mu masu ɗaura dish a wani babban otal, aka raba mana riguna da huluna da shinkafa a roba. Wani babban jami'i ya yanke kyalle, ya ce daga yau an 'yantar da talaka. Alkawura kuwa kamar lokacin zaɓe: abin da ka kalla kaɗai za ka biya, in za ka yi tafiya ka tsayar da watanka, ƙwallon Turai duka tana ciki, ruwan sama ba ya taɓa hoto, dish ɗin ma ba ya tsatsa. Muka yi tafi har hannu ya yi ja. Oga Bitrus yana gefena, ya cinye shinkafarsa, ya ninke rigar ya sa a jaka.

“Oga, ba za ka karɓi kaya ba?”

“Bari damina ɗaya ta wuce a kansu tukuna.”

Garin duka ya ɗauka. Layin sayen dikoda, akwatin nan mai kai hoto talabijin, har titi. Na ɗaura a Garki, na ɗaura a Kubwa, na ɗaura a Nyanya, wani lokaci ko ruwa ba na tsayawa sha.

Cikin waɗanda na ɗaura wa akwai Mama Talatu, mutumiyar Kudancin Kaduna, mai sayar da abinci a bakin kasuwar katako ta Dei-Dei. Mijinta ya rasu, da tukunyar nan take riƙe da karatun 'ya'yanta. Ta daɗe tana tari har ta kafa rumfar kwano a gefen kicin ɗinta, ta jera benci, ta sayi talabijin da ƙaramin janareta, tana so ta buɗe gidan kallon ƙwallo. Lissafinta mai kyau ne: wanda ya zo kallo zai ji ƙanshin miya. Ta kira ni ta ce, “Injiniya, ni ban san wannan abu ba. Tsohon kamfanin ne ko sabon? Wanda ka ce, shi zan sa.” Na ce sabon. Watannin farko rumfar nan ba masaka tsinke. In na biyo ta wajen, nama biyu take ɗora mini ba tare da na tambaya ba.

Wata Asabar ce, tsakiyar bazara, ana zafin nan da ƙadangare ma ke neman inuwa. Manyan ƙungiyoyi biyu na Ingila za su kara da rana. Direbobin tirela, 'yan dako, dillalan shanu, masu sayar da siminti, duk sun biya sun shige, har da na tsaye. 'Yan wasa suna fitowa fili, sai allo ya yi shuɗi. Da hoto ya dawo, sai ga wani bawan Allah da dogon takalmin roba a bakin kududdufi, yana koyar da kiwon tarwaɗa.

Mama Talatu ta kira ni a waya. Na hau babur na iso. Ina karɓar rimot na ga sigina a cike take taf. Na zagaya tashoshin ƙwallo duka, ko'ina mutumin nan ne da tarwaɗarsa. Nan take na san ba daga dish ba ne, daga can sama ne inda hannuna ba ya kaiwa. Amma ku riƙe wannan: a sana'ar nan, in ba ka hau rufi ba, ba ka yi aiki ba. Taron da ya biya kuɗinsa ba zai saurari mutumin da ke tsaye da rimot yana bayani ba. Na jingina tsani, na rataya jaka, na hau. Na taɓa noti, na shafa waya, na ɗan girgiza dish don a ga ina motsi.

Sai na ji ƙarar ƙarfe a bayana. Ina waiwayawa, tsani ya bar jikin rumfa. Wani ƙaton ɗan dako mai jar riga, Dogo ake ce masa, ya saɓa shi a kafaɗa kamar sandar rake.

“Malam, me ke nan? Mayar mini da tsanina!”

“Injiniya, yi zamanka. Ai ka fi mu kusa da tauraron, ka yi masa magana. In ƙwallo ta dawo, tsani zai dawo.”

“Wallahi ba daga nan ba ne, daga kamfani ne!”

“To ga rigar kamfanin a jikinka.”

Na duba, ashe kuwa ita na sa.

Wanda bai taɓa zama kan kwano da ranar bazara ba, kada ya ce ya san yadda masa take ji a tanda. Tafin takalmina ya fara laushi. Na ajiye jakar kayan aiki na zauna a kai, sifana na sukata. Na ciro waya na kira kamfani, na buɗe murya don na ƙasa su ji da kunnensu. Muryar nan mai zaƙi ta sanar da duk Dei-Dei cewa kiranmu na da muhimmanci ƙwarai, sannan kiɗa ya tashi. Wani ya ce in ƙara sauti, ko banza a samu na rawa. Can wani mai rediyo ya ƙwala ihu an ci ƙwallo, rabin taron suka yi tsalle, rabin suka fara jifana da ledar ruwa. Ban ji haushin ledar ba, ita kaɗai ce alherin da na gani ranar.

Daga sama ina jin yadda abin ke lalacewa a ƙasa. Aka fara da a mayar da kuɗi, aka koma zagi, sai ƙarar benci yana karyewa. Mama Talatu ta mayar wa kowa kuɗinsa, har da waɗanda ba su biya ba. A turereniya aka kifar da tukunyar miya, wasu suka ci tuwo suka fice. Ita kuwa ta tsaya gaban talabijin da muciya a hannu, tana cewa duk wanda ya matso sai ta fasa masa kai. Ba wanda ya gwada.

Ina can har aka kira la'asar. Alhaji Buba, shugaban dillalan shanu, ya biyo zai tafi masallaci, ya ɗaga kai ya gan ni a tsugune kamar angulu a kan mahauta. Aka ba shi labari. Ya juya wajen Dogo.

“Kai, in kun gasa shi, ƙwallon daga cikinsa za ta fito? Ku sauko da bawan Allah ya yi salla.”

Aka jingina tsani. Na sauko. Mama Talatu ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi sauƙi. Ta nuna mini karyayyun benci da miyar da ƙasa ta shanye.

“Malam Hamisu, kai ka ce in sa.”

Ranar Litinin muka yi dafifi a ofishin Sabon Ango, mu masu ɗaurawa da masu saye. Kwaɗo ne a ƙofa, ƙato. Mai gadi ya ce tun daren Juma'a aka kwashe komai, har na'urar sanyaya ɗaki. Mai ginin ma yana cikinmu, shi ma nemansu yake. Daga baya muka ji cewa Turawan da ke da ƙwallon ne suka toshe, don ba a biya su ba. Muka ɗunguma zuwa hukumar da aka ce ita ke sa ido. Wani jami'i ya saurare mu da natsuwa, ya ce abin takaici ne, za a kafa kwamiti. Muna fita ya biyo ni baranda, ya rage murya.

“Malam, kai mai ɗaurawa ne ko? Ni ma biyu na saya, ɗaya na kai wa tsohuwata ƙauye. Babu wata dabara da za a yi?”

Na ce akwai, ya kashe ya kunna.

Shekarar nan ban ga da kyau ba. Sunana ya tashi daga Injiniya ya koma Hamisu Tarwaɗa, har yara na kira. Da safe in zo in tarar an jibge mini dikoda a ƙofar shago kamar an kawo zakka. Wani ya kai ni wurin 'yan sanda, na wuni a bayan kanta ina bayanin bambancin mai ɗaurawa da mai kamfani, ga ɗan sandan da shi ma ya saya. Gidajen Maitama da nake shiga ba sallama, masu gadi suka fara ce mini oga ya yi tafiya, alhali ga motarsa ina gani. Wata da watanni ba wanda ya kira ni aiki, sai dai zagi.

Na sayar da babur, na sayi kayan tsohon kamfanin na kai wa Mama Talatu a motar haya. Ina sauke kaya sai ga Oga Bitrus da tsaninsa da jakarsa, ban san wa ya gaya masa ba. Muka ɗaura tare kamar da, ni a sama, shi a ƙasa yana “ya zo, ya tafi”. Masu katako suka ba da ragowar falanki, Dogo da kansa ya riƙa buga ƙusa a benci, yana ce mini ai ranar wasa yake yi. Sai da muka gama Oga Bitrus yana wanke hannu ya yi maganarsa guda:

“Ko daminar ba su kai ba.”

Dish ɗin Sabon Ango kuwa bai tafi a banza ba. Mama Talatu ta kwantar da shi tana shanya barkono da kuɓewa. Matan unguwa suka gani, suka bi gidaje suna roƙo. Gaskiya dai gaskiya ce, bai yi tsatsa ba. Cikin alkawuran duka, wannan ɗaya suka cika.

Oga Bitrus ne ya ja ni aikin intanet, muna hawa dogayen ƙarafa muna ɗaura wa otal-otal da ofisoshi, daga baya aka koma ƙaramin akwatin nan na rauta da wayar ƙarƙashin ƙasa. Na ce to, yanzu an shigo zamanin masu ilimi, za a huta. Ashe rigar ce aka sake, mutumin yana nan. A sayar maka da data a ce marar iyaka ce, ka yi mako biyu ka iske iyakar tana zaune tana jiranka. Ka yi magana a ce ai ba a yanke ba, an dai rage gudu ne, wato ba a kashe jakin ba, ƙafafu kawai aka ɗaure masa. A binne waya yau, gobe mai kwangilar kwalbati ya zo da katafila ya tsinke ta, unguwa guda ta koma zamanin wasiƙa. Kafin a sake binnewa, ofis kaza ya ce a biya shi kuɗin haƙa, ofis kaza ya ce ƙasar tasa ce. A rediyo kuwa kullum ana gab da kai intanet kowane ƙauye. Ni dai na san wani lungu a tsakiyar Garki da sai ka hau kan tankin ruwa kafin saƙo ya fita.

Mama Talatu tana nan, ta tsufa, rumfar ta zama ginin bulo. 'Yarta da ta gama jami'a ta sa mata intanet da na'urar karɓar kuɗi da kati, ni na haɗa. Watan jiya ta kira ni da rana tsaka, sabis ya ɗauke, masu cin abinci sun yi layi da kati a hannu ba a iya cira.

“Mama, ba daga wurinki ba ne. An tsinke waya a hanyar Kubwa, duk yankin ne. Ko na zo ba abin da zan iya.”

“Na sani.”

“To in kin sani, zuwan me zan yi?”

“Kamfani ba ya da fuska, Malam Hamisu. Na kira su, kiɗa suka sa mini. Kai ne nake gani. Ka zo in zage ka, in ba ka abinci.”

Na je. Ta zage ni tas a gaban kwastomominta, ta haɗa da kamfanin da gwamnati da mai katafila, ni ina tsaye ina “haka ne, Mama”. Da ta gaji ta zubo mini tuwo da miyar kuɓewa. Jakata na gefe, ko zif ban buɗe ba. Ina cikin loma sai fitilar rauta ta koma kore da kanta, na'ura ta fara tofo takarda. Mama Talatu ta ɗaga hannu sama.

“Kun gani? Shigowarsa kawai! Shi ya sa ba na kiran kowa sai Injiniya.”

Mutane suka juyo suna jinjina mini, wani har ya karɓi lambata. Ban musa ba. Na sha zagi a kan abin da ban ɓata ba fiye da yadda zan iya tunawa, don haka da aka yabe ni a kan abin da ban gyara ba, sai na gyara zama na ce a ƙaro miya.